Kwana huɗu gare ni, ina son Hajiya ta ga tsaunukan Suwizalan, maiɗakina ta ce na cika buri

Assalamu alaikum Anti. Ni magidanci ne, shekarata 7 ina aiki a kudancin Jamus, ina zaune da maiɗakina da 'yarmu mai shekara 8. Bana Allah ya nufa mahaifiyata ta samu biza ta zo mana ziyara, za ta zauna har ƙarshen Fabrairu. Shekarunta 68, tana shan maganin hawan jini, gwiwarta ta dama kuma takan matsa mata. Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, ita ce ta ƙwala min kira in zo bakin taga in gani, tana ta tasbihi. A ranar na ƙudurta sai na kai ta Suwizalan a jirgin ƙasa ta ga manyan tsaunuka.

Na samu hutun kwana 4 tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara. Tsarina shi ne mu kwana garin Interlaken, mu hau tashar kan tsauni ta Jungfraujoch, mu wuce garin Zermatt mu kwana, washegari mu shiga jirgin kallon tsaunuka na Glacier Express zuwa garin St. Moritz, rana ta huɗu mu ɗan taɓa layin dogo na Bernina mu kamo hanyar gida. Maiɗakina ta ce wannan wahala ce, ko in rage ko in fasa, wai Hajiya ba za ta iya ba, kuɗin kuma ya yi yawa. Raina ya ɓaci na ce mata kuɗin ne ya tsone mata ido. Yau kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na tambayi Hajiya, ta ce duk yadda na yi daidai ne, Allah ya yi albarka. Anti, wannan baiwar Allah ta sayar da abin hannunta ta biya min karatu, ban san ko za ta sake zuwa ba. Ina son ta ga komai. Me kike gani?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma inda ya fi zauna min a rai shi ne wannan kiran da Hajiya ta yi maka zuwa bakin taga. Allah ya ja kwananta, ya saka maka da alheri bisa wannan niyya. Tafiyar nan a yi ta, ban ga dalilin fasawa ba. Sai dai zan gaya maka gaskiya tun daga farko: a kan tsarin da ka zana, maiɗakinka ta fi ka gaskiya. Tsari ne na matashi mai jaka ɗaya a baya, wanda in jirgi ya kusa tashi zai ruga ya cim masa. Kai kuwa da dattijuwa za ka tafi, da yarinya, da akwatuna, a ranakun da suka fi kowanne gajarta a shekara.

Bari in fara da maganar gida kafin ta tsauni, domin in ba a gyara ta ba, ko ina kuka je da ita za ku tafi. Kalmar da ka jefi maiɗakinka da ita tana da nauyi. Ka zarge ta da ƙyashin abin da za ka kashe wa mahaifiyarka, kuma kaɗan ne zargin da ya fi wannan ciwo ga matar da ke hidimar surukarta. Ka tambayi kanka, kullum in ka fita aiki, wa ke wuni da Hajiya? Wa ke ganin yadda take dafa bango kafin ta miƙe, da minti nawa take ɗauka kafin ta gama hawa matakala? Akwai yiwuwar ta ga abin da Hajiya ke ɓoye maka in ka dawo. Kuma a tafiyar, wa zai raka ta bayan gida a cikin jirgi mai tafiya, wa zai taimaka mata da safa da takalmi kowace safiya? Wadda wannan aikin zai hau kanta tana da haƙƙin a ji ta bakinta. Ko da kuɗin ma ta duba, ba laifi ba ne, gidan na ku biyu ne, kuma Suwizalan tana cikin ƙasashen da suka fi tsada a Turai. Abin da zan ce ta yi gaggawa a kai shi ne ambaton fasawa, domin wannan kalmar ce ta sa ka ji kamar ana son raba ka da wata dama da ba lallai ta dawo ba. Ka ba ta haƙuri yau, ba tare da ka haɗa da wani "amma" ba.

Ita kuma Hajiya, kada ka ɗauki "duk yadda ka yi daidai ne" a matsayin amsa. Addu'a ce da kara. Uwa da ta ga ɗanta ya zaƙu zai faranta mata, ba za ta ce masa gwiwarta ba za ta ɗauka ba. Za ta bi ka, ta cije, ta yi murmushi a hoto, sai dare ya yi ta kasa barci. Labarin zuciya a tambayi fuska. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bar maiɗakinka ta yi mata tambayar a lokacin da ba ka nan, kuma tambaya mai zaɓi: Hajiya, kin fi son a zauna masauki ɗaya ko a riƙa sauyawa? Zaman awa nawa kike iya yi kafin ƙafa ta sage? Irin wannan tana da sauƙin amsawa fiye da "za ki iya?"

Yanzu mu ɗora tsarinka a kan agogo. A ƙarshen Disamba, rana a Suwizalan tana fitowa bayan ƙarfe 8 na safe, ta faɗi kafin ƙarfe 5 na yamma, hasken duka kimanin awa 8 da rabi ne. A cikin kwari ma abin ya fi haka gajarta, domin tsauni na tare ranar tun kafin lokacin faɗuwarta. Da zarar duhu ya shiga, gilashin tarago ya koma madubi, fuskokinku kawai za ku riƙa gani. A cikin wannan ɗan haske ka cusa gado uku a dare uku, a garuruwa uku masu nisa da juna. Interlaken zuwa Zermatt kaɗai ya haura awa 2 da canjin jirgi a hanya, kuma za ku yi shi ne bayan kun sauko daga Jungfraujoch a gajiye. Jiragen ƙasar suna da kiyaye lokaci, shi ya sa tazarar da ake bayarwa ta canji sau da yawa 'yan mintuna ce. Ga mai lafiyar ƙafa ni'ima ce, ga mai ciwon gwiwa da ke sauka matakalar ƙarƙashin tasha tana sake hawa wata, tashin hankali ne. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu.

Jungfraujoch shi ne abin da nake roƙon ka cire gaba ɗaya. Na san abin da ya ja ka: tashar jirgin ƙasa mafi tsayi a Turai, mita 3,454 bisa doron teku, an buɗe ta tun 1912. Amma Interlaken tana ƙasa da mita 600, wato cikin ƙasa da awa 2 za a ɗaga Hajiya kusan mita 2,900, jiki bai samu sararin sabawa ba. A can sama iska ta yi shara-shara, kowane numfashi yana kawo iskar oksijin da ta gaza ta bakin teku da kusan kashi ɗaya cikin uku. Zuciya sai ta ƙara bugu don ta cike giɓin. Sanyi kuma yana tsuke jijiyoyin jini, abin da ke ƙara hawan jini, ga shi a tsakiyar hunturu sanyin wurin yakan zarce digiri 10 ƙasa da sifili, ban da iska. Matasa ma sukan ji jiri da ciwon kai a wurin. Galibi daga mita 2,500 zuwa sama ne irin wannan laulayin ke fara bayyana. Kuma in akwai mai sikila a cikinku, ko wanda ke ɗauke da ƙwayar halittarta kawai, to lallai a gaya wa likita, domin ƙarancin oksijin da tsananin sanyi suna cikin abubuwan da ke tayar da ita. Ko ba wannan, kafin ka sayi tikiti ko ɗaya, ka kai Hajiya wurin likita a auna jininta, ka faɗa masa tsayin wuraren da za ku bi da lambobinsu, shi ya yanke. Ƙari a kan haka, tikitin hawa can yana da tsadar gaske, kuma in gajimare ya rufe, farin bango kawai za ku biya kuɗi ku kalla.

Glacier Express kuwa jirgi ne mai kyau, ba na kushe shi. Tun 1930 yake aiki, yana ratsa gadoji 291 da ramukan cikin dutse 91, yana hawa mashigar Oberalp mai mita 2,033. Matsalarsa a wurinku ɗaya ce: kusan awa 8 ne a zaune daga Zermatt zuwa St. Moritz. Idon mutum yana ƙoshi. Bayan awa 3 ko 4 na farin tsauni, yarinya za ta fara tambayar yaushe za a isa, gwiwar Hajiya ta sandare, kuma a ƙarshen Disamba sashen ƙarshe na tafiyar yana zuwa ne daidai lokacin da haske ke janyewa. Ga wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: wannan gadar mai lanƙwasa da kake gani a kusan duk tallan Glacier Express, tana kan layin Albula ne, tsakanin Chur da St. Moritz, kuma jirgin kallo na Bernina Express ma ta kanta yake bi. Jiragen yau da kullum ma ta nan suke wucewa kowace awa. Ke nan ba sai ka yi zaman awa 8 za ka nuna wa Hajiya ita ba.

Abin da zan ba ka shawara shi ne ka zaɓi layi ɗaya, na Albula da Bernina, ka gina kwana huɗun a kansa. Rana ta farko ku isa Chur, da Kur ake furta shi, kimanin awa ɗaya da kwata daga Zurik. Gari ne da ke ƙasa da mita 600, numfashi ba wahala, tsohon garin kuma yana kusa da tasha. Ku kwana, kada ku ƙara komai a ranar. Rana ta biyu ku shiga Bernina Express na safe zuwa Tirano a Italiya, tafiyar awa 4 da ɗoriya, duka cikin haske. Hukumar UNESCO ta sa wannan layin cikin kayan tarihin duniya a 2008, kuma inda ya fi tsayi, Ospizio Bernina, mita 2,253 ne. Ka ga bai kai iyakar da na ambata ba, kuma a zaune za ku wuce shi cikin tarago mai ɗumi, ba kwana za ku yi ba.

Bari in nuna maka abin da za ta gani, don ka san ba rage mata aka yi ba. Kimanin awa ɗaya da barin Chur, gab da Filisur, jirgin zai rage gudu, ƙasa ta ɓace daga gefen taga. Gadar Landwasser ke nan, ginin dutse mai tsayin mita 65, tana lanƙwasa ta yadda in kana tsakiyar jirgi ko bayansa za ka hango jan kansa yana kutsawa kai tsaye cikin wani baƙin rami a jikin bangon dutse. Daƙiƙu kaɗan ne, tarago yakan yi tsit. Daga Bergün zuwa Preda jirgin yana hawa sama da mita 400, kuma saboda gangaren ya fi ƙarfin a hau shi a miƙe, sai aka sa layin ya riƙa murɗawa cikin dutsen kamar igiya. Za ku ga ƙauye ɗaya ta taga, ku shiga duhu, ku fito ku sake ganinsa ta wani gefen, ya ƙara ƙanƙancewa a ƙasa. 'Yarka za ta so wannan. Bayan Pontresina itatuwa za su fara ƙarewa, daskararren kogin ƙanƙara na Morteratsch ya bayyana daga nesa, sannan ku fito fili inda babu komai sai fari. Tafkin Lago Bianco yana nan kwance a daskare, dusa ta lulluɓe shi, ba ka iya bambance inda ruwa ya tsaya da inda ƙasa ta fara. Daga nan sai gangara, fiye da mita 1,800 zuwa Tirano mai mita 429. Kunne zai riƙa toshewa, a ba Hajiya ruwa ta riƙa kurɓa. A Brusio layin yana zagaye kansa a fili, jirgi ya bi ta ƙarƙashin gadar da ya sauko daga kanta, sannan ya shiga Tirano ta tsakiyar titi, motoci na tsaye suna jiransa. An gama shimfiɗa wannan layin tun 1910, kuma yana hawa wannan tsayin ba tare da layi mai haƙora ba, irin wanda ke riƙe jirgi a kan hawa mai tsini.

Kuskuren da yawanci ake yi shi ne a juyo a ranar. In ka yi haka ka koma zaman awa 8 ɗin da muka guda, ƙarshensa kuma cikin duhu. Ku kwana a Tirano. Sanyinta bai kai na sama ba, masaukai galibi sun fi na St. Moritz sauƙi nesa ba kusa ba, kuma da Yuro za ka biya. Ku bar manyan akwatuna a masaukinku na Chur in sun yarda, ku tafi da jaka ɗaya. Rana ta uku ku dawo da jirgin yau da kullum, wanda ba ya buƙatar kama kujera. Layi ɗaya ne, tsaunukan su ne dai, sai dai yanzu ku ke da iko da lokacinku. In gari ya yi garau kuma Hajiya na jin ƙarfi, ku sauka Alp Grüm, mita 2,091, tasha ce da ke fuskantar ƙanƙarar Palü, akwai wurin cin abinci a ginin tashar, ku sha abu mai zafi ku hau jirgi na gaba. Ka dai bincika ko a buɗe yake a ranar kafin ku sauka, kada ku tsaya a waje cikin iska. Daga Tirano zuwa St. Moritz kimanin awa 2 da rabi ne, ku huta a can, tafkin yana gaban tasha, sannan jirgi ɗaya ya kai ku Chur cikin awa 2. Babbar ribar wannan tsari ita ce za ku tsallaka tsaunin sau biyu a ranaku biyu daban. In ranar farko gajimare ya rufe, kuna da ta biyu. Ba wanda ke da iko da sararin sama, wannan ne kaɗai abin da mai tsari zai iya yi. Rana ta huɗu ku karya a natse ku koma gida.

In kuma amsar da Hajiya ta ba maiɗakinka ita ce ba ta son sauya gado ko sau ɗaya, to ku yi dare ukun duka a Chur. Daga nan jirgin zuwa garin Arosa awa ɗaya ne kacal, yana tashi daga gaban tasha ya haura da ku zuwa tsayin mita 1,700 da ɗoriya bisa doron teku. Kwazazzabon kogin Rhine, wanda shi ma yana kan hanyar Glacier Express, bai wuce rabin awa da ɗan abu ba ta layin Ilanz. Wata ranar ku je St. Moritz ta kan gadar Landwasser ku dawo kafin duhu. Kowace safiya ku duba manhajar hasashen yanayi ta MeteoSwiss da kyamarorin da ke nuna tsaunuka kai tsaye a intanet, ku zaɓi inda rana take. Kada hazo a ƙasa ya karya maka gwiwa: a hunturun ƙasar sau da yawa hazo yakan kwanta a kan filayen ƙasa, alhali sama rana ce tar. In kuwa zuciyarka ta kafe a kan dutsen Matterhorn, to ka zaɓi Zermatt ita kaɗai ka bar sauran. Ana ganin dutsen daga cikin garin, wanda ke tsayin mita 1,600 da ɗoriya, ba dole sai an hau tsaunin Gornergrat mai mita 3,089 ba. Amma ni da Bernina zan tafi da dattijuwa, domin a can kallon ne ke zuwa ya same ta a kujera.

Akwai abu guda da in ka iya shi, zai gyara rabin matsalar: ka ɗage hutun. Tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara shi ne lokacin da masaukai suka fi tsada, kujerun jiragen kallo suka fi saurin ƙarewa, tashoshi kuma cike da masu kayan wasan zamiya. Tun da Hajiya tana nan har ƙarshen Fabrairu, ka nemi a mayar maka da kwanakin. Zuwa tsakiyar Fabrairu hasken rana ya haura awa 10, dusa kuma ta gama kwanciya. Ka guji makon taron tattalin arziki na duniya da ake yi a Davos a watan Janairu, domin yana ɗaga kuɗin masauki a yankin. A Fabrairu ma akwai hutun makarantu, don haka tsakiyar mako ya fi ƙarshensa. Af, in ranarku ta faɗo Lahadi a Fabrairu, a St. Moritz akan yi sukuwar dawaki a kan daskararren tafkin, sunan gasar White Turf, tun 1907 ake yin ta. Cunkoso ne sosai, ban ce ku shiga ba, amma ka san da ita lokacin zaɓen rana. Sai dai makarantar 'yarka, ka duba kwanakin hutunta kafin ka roƙi canjin.

Batun kuɗi, ku zauna ku biyu da takarda da biro, ita ta riƙe biron. Akwai katin tafiya mai suna Swiss Travel Pass na kwana 3, 4, 6, 8 ko 15, wanda ake sayar wa waɗanda ba mazauna ƙasar ba, yana ɗauke kuɗin tafiya a kan layin Bernina har Tirano, amma kuɗin kujerar Bernina Express daban ake biyansa, kuma dole ne. Akwai katin rabin kuɗi na baƙi mai aiki wata ɗaya. Akwai kuma Saver Day Pass, tikitin wuni guda da ke yin sauƙi in an saya da wuri, sai dai a ɗaure yake da ranar da ka zaɓa. In iyaye na riƙe da Swiss Travel Pass, ana ba da Swiss Family Card kyauta, yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 16 ya yi tafiya ba biya, ke nan 'yarka ta shiga, ban da kuɗin kujerarta. Kada ka ɗauka babban kati shi ne mafi sauƙi kullum. Ka shigar da kowace tafiya a manhajar SBB, kamfanin jiragen ƙasa na Suwizalan, ku haɗa jimilla, ku gwada da kuɗin katin. A manhajar kuma ana iya neman a ƙara tazarar canjin jirgi, ka yi amfani da wannan. Masauki kuwa ka zaɓi na kusa da tasha, mai na'urar hawa bene, wanda za a iya sokewa ba asara.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da Hajiya ma ba sanyi ba ne, santsi ne. Dusar da aka tattake ta narke da rana ta sake daskarewa da dare, sai ta koma kamar gilashi, kuma faɗuwa ɗaya ga mai shekara 68 tana iya zama karayar ƙugu. Kuɗin da ka tsira da shi daga Jungfraujoch, ka fara da saya mata takalmin hunturu mai kaushin ƙasa wanda ruwa ba ya ratsawa, ta riƙa sa shi a gida kwana da kwanaki kafin tafiya don ƙafa ta saba. Akwai ƙananan ƙarafuna masu roba da ake ɗaura wa ƙasan takalmi, ba su da tsada, a cire su in an shiga gini domin a kan daɓe mai sulɓi su ma suna zamewa. Ta riƙe sanda, kai kuma ka ba ta hannunka, maiɗakinka ta riƙe yarinya. Wurin sauka daga tarago kai za ka fara sauka ka juyo ka tarbe ta. Sutura a yi ta hawa-hawa: ta ciki mai kama jiki ta ulu ko irinta, ba auduga ba domin auduga na riƙe gumi ta huce a jiki, sannan suwaita, sannan babbar rigar da ke tare iska. Doguwar riga ba ta hana komai in akwai wandon ɗumi a ciki, a dai kula kada ta ja ƙasa. Cikin tarago akwai ɗumi, in rana ta bugi manyan gilasan nan har zufa ake yi, shi ya sa ake son abin da za a iya cirewa a mayar. Safar hannu, abin rufe kunne, man shafawa, da baƙin tabarau ga kowa, domin sabuwar dusa tana mayar da mafi yawan hasken rana cikin ido. Magungunanta su zauna a jakar hannu, kuma kowace awa ta miƙe ta ɗan taka a cikin tarago.

Takardu kuma: Jamus da Suwizalan da Italiya duk suna cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da galibi biza ɗaya ke aiki a cikinsu, amma ka buɗe fasfonta ka karanta abin da aka rubuta a kan bizar da idonka, ka tabbatar ta shafi ƙasashen yankin duka. Kowa ya riƙe fasfonsa, ana iya tambaya a iyaka. Ka duba inshorar lafiyarta ko tana aiki har ranar dawowa, kuma ko ta shafi ciwon da take da shi tun da, domin asibiti a Suwizalan ba wasa ba ne wajen kuɗi. Ka adana lambar 112 a wayarka da ta maiɗakinka, da 144 ta motar asibiti a Suwizalan.

Saura kai. Na ji abin da ke ƙarƙashin wasiƙarka, ɗan'uwa, tsoron kada wannan ya zama zuwanta na ƙarshe, da jin cewa akwai bashin da kake son biya. Wannan tsoron ne ya sa ka cika kwana huɗu da abin kwana goma. Kuma ina zaton wani ɓangare na jerin nan burinka ne kai ma, shekara 7 kana ganin hotunan wuraren nan ba ka je ba. Ba abin kunya ba ne. Ka ajiye Jungfraujoch da Zermatt zuwa bazara, ka kai maiɗakinka, ka gaya mata haka tun yau, za ta san ita ma tana cikin lissafinka.

Daren yau, bayan ka ba ta haƙuri, ka buɗe mata taswirar layin Bernina ka tambaye ta abin da ta gani a jikin Hajiya wanda kai ba ka gani ba. Gobe a nemi ganin likita, jibi ka yi maganar ɗage hutu a wurin aiki, sai an samu waɗannan amsoshin sannan a kama kujera. Ranar tafiya, in kun tashi daga Chur, gadar Landwasser da tafkin Lago Bianco duk ta hannun dama suke fitowa. In kujerunku sun faɗo hagu, ka roƙi na kusa, da wuya a hana dattijuwa. Ka zaunar da Hajiya jikin taga, jikarta a gefenta, ka bar wa maiɗakinka ɗaukar hoto, kai ka zauna inda za ka riƙa ganin fuskarta. A gaida min ita ƙwarai, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.